Mai Son Rokarsa Ta Tsere Wa Sauti A Wudil, Ga Inda Zai Fara

Wani ɗalibin injiniya a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil ya aiko da tambaya: yana son ƙera 'yar roka mai tsawon kamu biyu wadda za ta fi sauti gudu, kuma ya gano inda ta faɗi. Me zai saya, daga ina zai fara?

Ɗan'uwa, burin yana da kyau, kuma ana yi. A Amurka da Turai masu wannan sha'awa suna tsere wa sauti da rokar da kaurinta bai kai na muciya ba. Sai dai shawarata ita ce ka juya tambayar, ka fara da awo da ganowa, gudu ya zo daga baya. Duk wanda ya harba abu sama bai san tsawon da ya kai ba, bai kuma tsince shi ba, wasan wuta ya yi.

Mu fara da sanin abin da kake son tsere wa. Gudun sauti yana bin zafin iska. A digiri 20 yana cin mita 343 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 1,235 a awa. Da tsakar ranar Afrilu a Wudil, idan zafi ya kai digiri 40, yakan kai wajen mita 355. Da asubahin hunturu kuma ya sauko wajen 340. Ka riƙe wannan lissafi: 331 a tara da 0.6 sau digirin zafi. Sai ranar 14 ga Oktoba 1947 ɗan Adam ya tsallake wannan iyaka a cikin jirgi, lokacin da Chuck Yeager ya tuƙa Bell X-1.

Sai maganar makamashi, kuma a nan ba zan yi kwana-kwana ba. Kada ka haɗa shi da hannunka. Kada ka farke nokawut ka zazzage albarushinsa, kada ka bi bidiyon da ke koya maka dafa wani abu a tukunya. Wannan harka a Amurka ta kafu ne saboda yaran da suka rasa yatsu da idanu a shekarun 1950. Orville Carlisle ya ƙirƙiro injin da ake saye a haɗe, G. Harry Stine ya jagoranci kafa ƙungiyar masu ƙananan rokoki ta ƙasar a 1957, kuma har gobe dokarsu ita ce ba a harbawa sai da injin kamfani wanda aka gwada. A nan gida kuma akwai dokar abubuwa masu fashewa ta 1964, shigo da irin waɗannan kaya yana buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, kuma ba a ɗaukarsu a jirgin fasinja. Ka ƙara da cewa garin da kake zaune shi ne mazaunin Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta ƙasa. A halin da Arewa take ciki, matashin da aka tare a shingen bincike da bututu mai hanci da wayoyi da wani gari a leda, kafin ya gama bayanin kimiyya ya kwana a bayan kanta.

To me ya rage? Ruwa da iska. Kada ka raina su: a watan Agustan 2015 wata tawaga ta Jami'ar Cape Town ta harba rokar ruwa ta kai mita 830, abin da ya kafa tarihi a duniya. Duk abin da za ka buƙata ranar da ka kai ga injin wuta, daidaito ne, lemar saukowa ce, awo ne, rokar ruwa za ta koya maka shi da kuɗin da bai fi na kati ba.

Nemi gorar lemo mai gas ta lita ɗaya da rabi. Gorar ruwan sha ba za ta yi ba, don ba a yi ta don ɗaukar matsi ba, kwalba da gwangwani kuwa ko kusa. Ka duba kada ta kasance da ƙarzuwa ko ta daɗe a rana. Bakin gorar shi ne gindin roka. Je wurin mai faci ka karɓi bawul ɗin tsohon tayar babur, ka huda toshiyar roba ka cusa shi, ka haɗa da dogon tiyo zuwa famfon keke mai agogo. Ruwa kashi ɗaya cikin uku na gorar, wato rabin lita. Ka fara da matsin 40 a ma'aunin da masu faci suke bai wa tayar mota 30 zuwa 35, kada ka wuce 60 sai ka ƙware. Sabuwar gora a fara gwada ta cike fal da ruwa, domin idan ta fashe a haka tsagewa kawai za ta yi, wadda iska ta cika kuwa tarwatsewa take yi. Kowa ya ja baya taku goma sha biyar, kuma kada wanda ya leƙa samanta bayan an fara ba ta iska, ko da ta ƙi tashi.

Inda yawancin masu farawa suke faɗuwa shi ne daidaito. Dubi kibiyar maharba, ƙarfe a kai, kara mara nauyi a baya. Haka ake so roka ta zama. Akwai wurare biyu a jikinta da za ka gano. Na farko tsakiyar nauyi: ɗora ta a kan yatsa har ta tsaya ba ta rinjaya ba, ka sa alama. Na biyu inda iska take taruwa ta tura ta: zana inuwar rokar a kwali, ka yanke, ka ɗora a kan yatsa, inda ya daidaita nan ne kusan wurin. Dole tsakiyar nauyi ta kasance gaba, wajen hanci, da tazarar faɗin jikin rokar sau ɗaya zuwa biyu. Idan ba ta kai ba, ƙara yumɓu a hanci ko ka faɗaɗa fukafukan baya. Fukafukai uku sun isa, a yanka su daga robar bokiti ko allon talla na roba, a manne su a miƙe sak. Kafin ka fita fili, ɗaura igiya a tsakiyar nauyin ka wulwula rokar a saman kanka. Idan hancinta ya kama gaba ya zauna, to madalla. Idan tana juyi tana ba iska gindi, haka za ta yi a sama, kuma a kan jama'a za ta yi. Mai kwamfuta ya sauke OpenRocket, manhaja ce kyauta da wani ɗalibi ɗan Finland, Sampo Niskanen, ya rubuta a 2009, tana aiki da lissafin da James Barrowman ya fitar a shekarun 1960.

Yanzu awo, wanda shi ne ainihin karatun. Ɗauko ma'aunin kusurwa na cikin akwatin kayan lissafi, ka manna tsinken shan lemo a miƙaƙƙen gefensa, ka rataya zare da noti a tsakiya. Abokinka ya tsaya mita 50 daga wurin harbi, yana bin rokar ta cikin tsinken. Da ta tsaya cak za ta juyo, ya danne zaren da yatsa. A ce ya ɗaga da digiri 40. Tan na 40 a kalkuleta 0.839 ne, sau 50 ya ba da mita 42, sai ka ƙara tsawon mai awon zuwa idonsa. Iska tana ɓata wannan lissafi, don roka ba ta tsayawa daidai saman inda ta tashi. Maganinsa mutum biyu, ɗaya ta inda iska take fitowa, ɗaya ta inda take tafiya, rokar a tsakaninsu. Ka ninka tan biyun da juna, ka ninka da tazarar da ke tsakanin mutanen, ka raba da jimillar tan biyun. Agogo ma shaida ne: idan babu lema, ninka daƙiƙun tashi da faɗowa da kansu, sau 9.8, raba 8. Daƙiƙa 6 za ta ba ka mita 44, kuma gaskiyar tana ƙasa da haka kaɗan saboda jan iska.

Gudu kuma wayarka za ta auna. Kafa doguwar sanda mai alamar mita biyu a gefen rokar, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, irin mai hoto 240 a daƙiƙa. Idan ta wuce mita biyun cikin hoto 12, ta yi mita 40 a daƙiƙa ke nan, kilomita 144 a awa. Ka ga har yanzu kashi ɗaya cikin tara na gudun sauti take yi. Jan iska kuwa yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa, saboda haka wadda za ta kai gudun sauti za ta sha turjiya kusan sau 80, tun kafin a zo wurin da iskar take cunkushewa a gaban hanci, daga kashi 80 cikin ɗari na gudun sauti zuwa sama. A nan ne fukafukin roba yake kaɗawa har ya yage. Shi ya sa masu yin wannan suke siranta jiki daidai kaurin injin, su yi fukafukai gajeru masu tauri da zaren gilashi.

Idan ka gaji da zare da noti, sai na'ura. Allon Arduino Nano da ma'aunin matsin iska BMP280 sun isa, domin matsin yana raguwa da wajen Paskal 11 zuwa 12 a kowace mita. Ka huda ƙananan ramuka uku a ɗakin na'urar don ta shaƙi iskar waje, ka naɗe ta da soso. Ka koyi halinta tun a rokar ruwa, saboda a kusa da gudun sauti ƙarya take yi: matsin da ke bugun ramukan yakan sa ta zaci roka ta fara saukowa, ta saki lema ana tsakiyar gudu. Masu harkar sukan hana ta yanke hukunci a daƙiƙun farko. Shaidar tsere wa sauti daga ma'aunin fizga take fitowa, don ba lallai ka ji wata ƙara daga ƙasa ba. A nan ma a kula. Rokar da ta kai mita 355 a daƙiƙa cikin daƙiƙa ɗaya ta sha fizgar da ta ninka jan ƙasa sau 36, alhali MPU6050 da ɗalibai suka fi saye iyakarsa 16. Irin ADXL375 mai kai wa 200 ake nema. GPS kuma yakan rikice lokacin fizgar, sai roka ta lafa yake dawowa hayyacinsa, don haka amfaninsa a gano inda ta sauka ne, a turo ta rediyon LoRa.

Ganowa a ƙasarmu tana da nata sha'ani. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, an girbe dawa da gero, fili ya buɗe, da sassafe kafin iska ta tashi. Ranar da hazo ya sauko ka haƙura, ba za ka ga komai ba. Ranar Juma'a ma ka bari, hanyoyi cike suke da shanu da motocin kasuwar Kara. Ka nisanci wayoyin lantarki, da titin Kano zuwa Maiduguri, da gada, da kogin kansa, don abin da ya faɗa ruwa ya tafi. Fenti ja ko ruwan lemo ya fi fari fitowa a sararinmu. Doguwar leda mai ƙyalli a madadin lema tana saukar da roka da sauri, iska ba za ta kai ta ƙauyen gaba ba. Cokali ɗaya na garin bula ko jan alli a cikin hanci yakan fashe ya bar tabo a sama lokacin da lema ta fita, masu awo su samu abin saitawa. Ka sa 'yar ƙararrawa mai batir, ka rubuta sunan sashenku da lambar waya a jiki. Yara za su riga ka isa wurin ko ta halin ƙaƙa, gara ka sa su cikin aikin tun farko, ka ba kowa kusurwar da zai tsare. Kafin duk wannan, a je a gaida mai gona da mai unguwa, a nuna musu gorar da famfon su gani da idonsu.

Ranar da littafinka ya cika da awon harbi iri-iri, nauyi kaza, ruwa kaza, matsi kaza, tsawo kaza, lissafin OpenRocket yana haɗuwa da abin da zare da na'ura suka nuna, to kana da abin ɗauka zuwa ofishin shugaban sashe. Daga nan takarda za ta fita da sunan jami'a zuwa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, kuma take da cibiyar harkar roka da makamashinta a Epe ta Jihar Legas. Su ne masu hurumin taɓa injin wuta da filin gwada shi. Rokar da ta fi sauti gudu tana iya haura kilomita guda, ga filin jirgin Malam Aminu Kano ba nisa, saboda haka sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da sanarwar hukumar kula da hanyoyin jiragen sama, NAMA, ga matuƙa, da sanin 'yan sandan yankin a rubuce. A cikin takardar ku faɗi abin da kuka riga kuka gina, wato jiki da na'urar awo da hanyar ganowa, ku haɗa da jadawalin awonku da bidiyo, sannan ku nemi a ba ku dama ku ɗora na'urarku a kan ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu.