Kafa kujera mai juyawa a ƙaramin jirgin kamun kifi

Kujera mai juyawa tana ba masunci damar fuskantar kowane ɓangare ba tare da ya miƙe tsaye ba. Ga ɗan garin Sarkin Yamma mai kamu da ƙugiya a tafkin Madarunfa, abin lura shi ne tsayinta, domin jirgin alminiyum ba shi da nauyi: in ta yi sama, karkata kaɗan ta isa ta kifar da shi. Akan ɗaura ta ƙasa-ƙasa a tsakiyar benci, da katako mai kauri a ƙarƙashi don ya raba nauyi.

Ba a huda gindin jirgi sam. Noti sai wanda ba ya tsatsa, a sa guntuwar roba a tsakani, don haɗuwar ƙarfe da alminiyum cikin danshi tana cinye alminiyum ɗin. Gwajin farko a bakin gaɓa ake yi, inda ruwa bai wuce gwiwa ba.