KAMU: AWON DA KE A JIKINMU

A darasin wannan wata za mu duba kalmar nan kamu. Muna jinta kowace rana: kamun kifi, kamun ɓarawo, kamun amarya, da kamun kai wanda a ke yabon mutum da shi. Amma akwai wani kamu dabam, watau na awon tsawo, shi ne mu ke nufi a nan.

Menene kamu?

Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa na tsakiya. Tun kafin a kawo sandan awo ƙasarmu, da shi kakanninmu su ke auna zane da rawani da igiya. Idan abu ƙarami ne, sai su buɗe yatsu su auna da taƙi. Idan kuwa dogo ne, kamar zurfin rijiya, sai su buɗe hannu biyu, wannan shi ne gaba. Gaba 1 kamu 4 ne, ko kusa da haka. Kowa ya gwada da igiya a gida, zai gani.

Kamun matsakaicin mutum inci 18 ne, watau ƙafa 1 da rabi, ko rabin yadi. Da awon mita, santimita 45 ke nan da ɗan ɗori. Saboda haka turmin atamfa mai yadi 6 kamu 12 ne.

Inda wahala ta ke

Hannun kowa dabam ne. A ce dogon mutum kamunsa inci 19, na gajere kuwa 17. Idan su biyu suka auna kamu 20, bambancinsu zai kai inci 40, ya ɗara yadi guda. Mai wayo ya kan aiki dogo sa'anda zai saya, ya sa gajere ya auna sa'anda zai sayar. Ga tushen jayayya mai yawa a kasuwa.

Mutanen dā sun ga wannan wahala. A Masar aka sassaƙa sanduna na itace da na dutse, tsawonsu wajen santimita 52, domin magina duka su bi awo ɗaya. Haka kuma a 1959 Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe suka yarda yadi 1 ya zama mita 0.9144 daidai. Gwamnatin Nijeriya ta koma ga awon mita a shekarun 1970, amma har yau masu sayar da yadi da teloli da yadi da inci su ke magana.

Kamu a cikin Littafi Mai Tsarki

Mai karatu zai yi ta gamuwa da kamu a Tsohon Alkawari. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a raba kamu biyu, sai a sami yadi. Jirgin Nuhu kamu 300 ne tsawonsa, faɗinsa 50, tsayinsa 30. Watau yadi 150, da 25, da 15. Wanda ya taka yadi 150 a fili, shi zai san girman jirgin.

Ta ƙaƙa muka san tsawon kamun Ibraniyawa? A 1880 aka ga wani rubutu a jikin dutse cikin hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa wadda ta kai ruwa tafkin Siluwam a Urushalima, wadda masana da yawa su ke cewa aikin zamanin sarki Hezekiya ne. Rubutun ya ce tsawonta kamu 1,200. Da aka auna, aka iske wajen mita 533. Idan muka raba, kamu 1 ya zama wajen santimita 44, kusan daidai da namu. Annabi Ezekiyel kuwa ya yi magana a kan wani kamu mai tsawo, wanda ya ɗara wannan da faɗin tafin hannu.

Abin da za mu riƙe

Kamu yana da amfani, gama ba a mantuwa da shi a gida. Amma kafin ciniki, sai a shirya tukuna da hannun wa za a auna. Abin da ya fi, kowa ya sa a auna masa kamunsa da tef ɗin tela, ya riƙe lissafin a ka. Wanda ya ke sayarwa kuma, kada ya ja zane ya miƙe shi da ƙarfi, kada ya lanƙwasa yatsa. Dokar Musa, a Littafin Firistoci sura 19, ta hana zalunci a awon tsawo kamar yadda ta hana a ma'auni da mudu.

Tambayoyi

1. Yadi nawa ne kamu 30?
2. Rijiya mai zurfin gaba 8, kamu nawa ke nan?
3. Don me Masarawa suka yi sandan awo?
4. Inci nawa ne kamunka?