Kuɗi da Labaran Ƙarya a Intanet

Hausawa na cewa ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Amma a intanet an wayi gari ƙarya tana kawo riba, domin kamfanoni suna biyan mai shafi kuɗin talla gwargwadon yawan mutanen da suka leƙa shafinsa, ko da abin da ya rubuta ba shi da tushe. A shekara ta 2016 an gano wasu samari a garin Veles na ƙasar Masedoniya suna ƙaga labarai game da zaɓen Amurka, suna cin kuɗin talla. Saboda haka aka ga ya dace a yaƙi ƙarya ta fuskar aljihu, ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce toshe ribar maƙaryaci. Cikin watan Nuwamba 2016 kamfanonin Google da Facebook suka ba da sanarwar hana shafukan labaran ƙarya cin moriyar tallarsu. Haka kuma a watan Oktoba 2023 kamfanin X ya ce duk saƙon da jama'a suka yi wa gyara a ƙarƙashinsa, mai shi ba zai sami kason kuɗi a kansa ba.

Hanya ta biyu ita ce biyan masu tantancewa. Tun ƙarshen 2016 Facebook ya fara aiki da ƙungiyoyi masu bin diddigin labarai da hotuna, yana biyansu ladan aikinsu, shi kuma ya rage yaɗuwar abin da suka ƙaryata. Shirin ya iso Nijeriya a 2018 ta hannun Africa Check da kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP.

Sai dai dogara ga aljihun kamfani kaɗai yana da hatsari, gama mai biya yana iya janye hannunsa. A watan Janairu 2025 kamfanin Meta, mai Facebook, ya ba da sanarwar rufe shirin a Amurka.

Don haka nauyi yana kan kowane ɗan ƙasa. A 2014 jita-jitar cewa ruwan gishiri na maganin cutar Ebola ta kai mutane asibiti a ƙasar nan, wasu ma suka rasa rayukansu. Duk wanda ya buɗe labarin ƙarya, ya kuma tura wa 'yan'uwa, ya taimaka wajen cika aljihun maƙaryaci. Lalle ne mutum ya binciki tushen labari kafin ya tura shi gaba.