Gurbi da Ciko: Darasin Nahawu a Cikin Harshen Kwamfuta

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe mukan ja da baya da zarar an ambaci rubuta manhajar kwamfuta, muna ganin aikin masu lissafi ne. Wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin nuna cewa akwai wani ginshiƙi na wannan fanni da muka riga muka sani tun daga darasin ginin jimla. Za mu ɗauki misalai daga Python, harshen kwamfuta da Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a shekarar 1991.

Aikatau da Gurabensa

Mu fara da abin da muka sani. Kowane aikatau yana da adadin sunayen da yake bukata kafin jimla ta cika. Aikatau ƙi-karɓau kamar "zo" gurbi ɗaya gare shi: Audu ya zo. Amma "ba" yana da gurabe uku, wato mai bayarwa, da mai karɓa, da abin da aka bayar: Audu ya ba Ladi littafi. Idan ka ce "Audu ya ba Ladi" ka yi shiru, mai sauraro zai tambaye ka, "Ya ba ta me?" Mu da muka koyi Hausa a aji mun san wannan sosai, domin da irin jimlolin cike gurbi aka horar da mu.

Mene Ne Fankshin?

Fankshin wani guntun umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya, a raɗa masa suna, sannan a riƙa kiransa duk lokacin da ake bukata. Shi ne aikataun harshen kwamfuta. Ga misali:

def gaisuwa(suna, lokaci):
    print("Barka da " + lokaci + ", " + suna)

Kalmar def tana sanar da kwamfuta cewa ana gina sabon fankshin, print kuma tana nuna rubutu a fuskar kwamfuta. Kalmomin suna da lokaci su ne guraben. Masana suna kiran kowannensu faramita. A wannan mataki babu komai a cikinsu. Sai an zo kira ake cike su:

gaisuwa("Ladi", "asuba")

Kwamfuta za ta rubuta: Barka da asuba, Ladi. A nan "Ladi" da "asuba" su ne ciko, wanda ake kira agumen, kuma da wannan kalma ce masana ilimin harsuna suke kiran sunayen da aikatau yake bukata. Ke nan gurbi yana nan daram a inda aka gina fankshin, ciko kuwa yana sauyawa a kowane kira.

Muhimmancin Jeri

Kamar yadda "Audu ya ba Ladi" ya bambanta da "Ladi ta ba Audu", haka jeri yake da tasiri a nan. Ciko na farko yana shiga gurbi na farko, na biyu ya shiga na biyu. Idan ka rubuta gaisuwa("asuba", "Ladi"), abin da zai fito shi ne: Barka da Ladi, asuba. Wannan abin dariya ne, amma dubi wannan:

def kashi(samu, duka):
    return samu / duka * 100

Kalmar return tana mayar da amsa ga wanda ya yi kira. Ɗalibin da ya ci maki 45 cikin 60, kashi(45, 60) zai ba shi 75. Idan aka juya zuwa kashi(60, 45), sai a sami fiye da 133, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba, domin ita dai ta ga gurabe biyu sun cika. Idan ka manta ciko ɗaya ne take tsayawa ta nuna kuskuren da ake kira TypeError. Saboda haka kuskuren jeri ya fi haɗari, tunda ba ya bayyana kansa.

Hanyoyi Biyu na Sauƙaƙawa

Ta farko ita ce ambaton sunan gurbi a wajen kira: kashi(duka=60, samu=45). A nan jeri ba ya damun kowa, amsa dai 75 ce.

Ta biyu ita ce ajiye ciko na ko-ta-kwana tun wajen gini: def gaisuwa(suna, lokaci="rana"). Yanzu gaisuwa("Audu") kaɗai ta isa, za a sami: Barka da rana, Audu. Sai dai dokar Python ita ce irin wannan gurbi ya biyo bayan waɗanda ba su da ko-ta-kwana.

Kammalawa

Mun ga cewa faramita gurbi ne, agumen kuma abin da ya cike shi, kuma adadi da jeri su ne abin lura, kamar dai a nahawu. Wani abin farin ciki shi ne, tun daga Python 3 da ta fito a 2008, ana iya sa ɓ, ɗ da ƙ a sunayen gurabe. Ga aikin gida: gina fankshin mai suna bayarwa, mai gurabe uku, wanda zai rubuta "Audu ya ba Ladi littafi". Sannan ka sa Ladi a gurbin farko, ka ga abin da ya faru da "ya", ka yi tunanin gurbin da ya kamata a ƙara. Allah ya ba da sa'a.