Yadda Muka Gyara Jirgin Kawuna

A hutun bazara na je Yawuri, bakin Kogin Kwara, na tarar kawuna ya jawo jirginsa tudu. Daɓensa ya tsattsage, katakon dafawa kuma ya ruɓe, har wata tsohuwa ta kusa faɗawa ruwa ran kasuwa.

Sai da muka bar jirgin ya bushe sarai, domin kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. Sa'an nan muka kankare tsagar, muka cusa auduga, muka zuba narkakkiyar kwalta. Ni da garajena na danna audugar da yawa. Kawu ya ce, "Rage, yaro! In katako ya sha ruwa kumbura yake yi, sai tsagar ta ƙaru."

Sabon katakon dafawa kuwa, sababbin ramuka muka huda masa, don ta tsofaffin ne ruɓa ta fara.