Ɗana, Kafin Ka Kama Hanyar Las Vegas

Mahaifiyarka ce ta kira ni shekaranjiya da daddare, muryarta a sanyaye. Ta ce kai da abokan karatunka kun sayi tikitin wani bikin kiɗa da rawa a Las Vegas, wanda ake farawa da faɗuwar rana a tashi da hudowarta, dare uku a jere. So take in hana ka. Na ce mata wanda ya tsallake teku shi kaɗai ya je neman ilimi ya wuce a ɗaure shi da igiya daga Kano, amma bai wuce jin maganar kawunsa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, da son raina ne da ka zauna. A watan Mayu, magariba da lisha da asuba duk a cikin filin nan za su riske ka, tsakanin kiɗa da giya da shigar da kai ma ka san ba tamu ba ce. Ka tambayi kanka tun yanzu inda za ka yi alwala da inda za ka sa goshi. Idan ka rasa amsa, to wannan ma amsa ce. Na faɗa sau ɗaya, ba zan nanata ba, domin kana da hankalinka, kuma na san irin tarbiyyar da ka samu. Sauran maganar tawa ta mutumin da ya yi shekara 30 yana aikin jinya ce, ya ga yadda ake shigo da matasa asibiti da asuba.

Na bincika wurin. Electric Daisy Carnival sunansa, ana yin sa a filin tseren motoci da ke arewa maso gabashin birnin, tafiyar kamar kilomita 25 daga inda manyan otal-otal suke. Masu shirya shi sun ce fiye da mutum dubu 150 ke shiga kowane dare. A da a Los Angeles ake yi. A 2010 wata yarinya 'yar shekara 15 ta sha ƙwaya a wurin ta rasu, shekarar da ta biyo baya bikin ya koma Las Vegas, kuma ba a barin wanda bai kai 18 ba. A 2018 suka janye shi daga Yuni zuwa Mayu, domin zafin hamadar Nevada a Yuni yana haura digiri 40. Ka ga su kansu masu abin sun san akwai haɗari a ciki.

Ƙwayar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Suna ce mata ekstasi, ko Molly. Wanda zai miƙo maka ita ba zai zo da fuskar mugu ba, zai zo ne da fara'a, ya rungume ka, ya ce yau kowa ɗan'uwa ne. Tana hura wutar jiki, ta ɗauke wa mutum jin gajiya, sai ya yi ta tsalle sa'o'i ba hutu har zafin jikinsa ya kai inda ƙoda da hanta ke soma lalacewa. Wani kuma, don tsoron haka, ya ɗura wa cikinsa ruwa fiye da kima, ita kuwa ƙwayar tana hana jiki fitar da shi, gishirin jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ta ko'ina akwai rami. Ga kuma babbar masifar Amurka ta yanzu, fentanil, da ake samu a cikin ƙwayoyin jabu da garin da ake sayarwa a ɓoye. Miligiram 2 nata, abin da bai wuce ya zauna a tsinin fensir ba, yana iya tsayar da numfashi. Mai sayar maka ma sau da yawa bai san abin da ke ciki ba. Kada ka karɓi komai a hannun kowa, ko ruwan gora ne in dai an riga an buɗe shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka ka dubi waɗanda za ku tafi tare tun kafin ku shiga mota.

Kuma ka tuna kai baƙo ne. Jihar Nevada ta halatta tabar wiwi ga manya, amma dokar tarayya ba ta halatta ba, ita ce kuwa ke riƙe da bizarka. Abin da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce, kai yana iya raba ka da karatun da mahaifinka ya sayar da fili don ka yi.

Cunkoso kuma. Ranar 24 ga Yulin 2010, a garin Duisburg na Jamus, an yi wani biki irin wannan mai suna Love Parade a tsohon filin jiragen ƙasa na kaya. Hanyar shiga da ta fita duk ɗaya ce, ta cikin wata hanyar ƙarƙashin gada zuwa wani gangare. Masu shiga suka haɗu da masu fita. Mutum 21 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata, da rana tsaka, kuma daga nan ba a sake yin bikin ba. A Houston ma, a Nuwamban 2021, mutum 10 suka rasu a bikin Astroworld. Mutane suna ɗauka tattakewa ce ke kisa a irin wannan wuri. A'a, matsi ne. Mutum yana tsaye a kan ƙafafunsa, jikuna sun danne ƙirjinsa gaba da baya, ya fitar da numfashi ya kasa jawo wani. Ba ya iya ko ihu.

Don haka da ka shiga, fara neman ƙofofin fita da tantin masu ba da agaji kafin ka nemi inda kiɗa ya fi daɗi. Ka tsaya a gefe, ka bar wa wasu gaban dandamali. Idan ka ji ana taɓa ka ta kowane ɓangare, ka kasa ɗaga hannu ka share gumi, lokacin fita ya yi. Idan kuma taron ya soma tafiya da kai kamar igiyar ruwa, kada ka yi kokawa da shi. Ka ɗaga hannuwanka ka kare ƙirjinka kamar ɗan dambe, ka bi shi kana zamewa gefe kaɗan-kaɗan. Wayarka ta faɗi, bar ta. Kada ka sunkuya.

Zan ba ka labarin kunnena na hagu. Ina saurayi, mu ma mun kwana a dandali. Kalankuwa a ƙauyenmu bayan girbi, kalangu na tashi, farin wata kamar rana, ba wanda ke tunanin barci. Shi ya sa ban ga laifin zuciyarka ba da take son taro da kiɗa. Amma daga baya, a wani bikin aure a birni, na yi dare guda a jikin lasifika. Na koma gida kunnena yana ƙara kamar kukan gyare. Na ce zai wuce. Yau shekara 40 ke nan, duk daren da gari ya yi tsit ina jin sa, kuma jikokina sun san su zauna ta damata in suna so in ji su. 'Yan gashin da ke can cikin kunne masu kama sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Masana sun ce ƙara mai ƙarfin desibel 85 kunne na ɗaukarta awa 8, amma in ta kai 100, minti 15 ne kawai. Lasifikan irin wannan biki suna kai 100 har su wuce, kai kuma dare uku za ka yi. Sayi abin toshe kunne, kuɗinsa bai kai na abincin rana ɗaya ba. Kiɗan za ka ji shi sarai.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi duka a wurina. Dare rigar mugu, in ji Hausawa, amma abin da na gani a asibiti shi ne yawancin waɗanda aka kawo a makare, abokansu ne suka ji tsoron kiran taimako, ko suka ce barci ne, a bar shi ya huta. Ka zaɓi mutum ɗaya a cikinku, ku yi alkawari ba mai fita ya bar ɗan'uwansa. Ku sa wurin haɗuwa da lokaci, domin waya takan ƙi aiki a cikin taro mai yawa. In ka ga wani ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, ko numfashinsa ya ja baya leɓɓansa sun canza launi, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka kwantar da shi a gefensa, ka kira ma'aikatan lafiya nan take, ka gaya musu gaskiyar abin da ya sha in ka sani. Akwai maganin feshin hanci, Narcan, da ke farfaɗo da wanda fentanil ta kayar, kuma tun 2023 ana sayar da shi ba sai da takardar likita ba. Ka sa ɗaya a aljihu saboda ɗan wani.

Ruwa kuwa ka riƙa kurɓa a hankali, ka ci abinci mai ɗan gishiri, ka zauna ka huta lokaci-lokaci. Ka riƙe riga mai kauri, hamada takan yi iska da sanyi gab da asuba. Da gari ya waye kada ka tuƙa mota, kada kuma ka shiga motar wanda ya kwana a tsaye. Akwai bas-bas na bikin, ka biya ka hau.

Ƙarfe 6 na safe a Las Vegas, ƙarfe 2 na rana ne a nan. Lokacin na dawo daga azahar, ina zaune a zaure da wayata a hannu. Ko ka je ko ka fasa, ka kira ni in ji muryarka, sai in tura yaro ya gaya wa mahaifiyarka. Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.