Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Waƙa Ko Littafi Ya Ƙi Tsufa?

Tambaya: Ni matashi ne Bahaushe, haifaffen Mafaza a jihar Gadarif ta Sudan. Kakana kullum faɗa yake wai yaran yanzu ba mu san komai ba, don ba mu iya waƙoƙin wa'azin da yake rerawa bayan lisha ba. Abokaina na Kano kuma da muke gaisawa ta waya sun riƙe baki da na ce ban taɓa karanta Magana Jari Ce ba. Alhali na san Muhammad Wardi, na san Nura M. Inuwa. Wa ke yanke cewa ga aikin da ya wajaba kowa ya sani? Kuma laifinmu ne da ba mu sani ba?

Amsa: Allah ya ƙara wa kakanka lafiya da nisan kwana. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin na ga ita ce ta fi ci maka rai.

Rashin sanin Magana Jari Ce ba laifinka ba ne, kuma tarihi ne zai wanke ka. Hausawa da Fulanin da suka cika gabashin Sudan, wasu sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu kuma alhazan ƙasa ne, masu tafiya Makka da ƙafa, ana yada zango ana noma a sami guzuri, har zangon ya zama gida. To, Abubakar Imam bai fitar da Magana Jari Ce ba sai daga 1937 zuwa 1939, a Zariya, kuma da rubutun boko. Mutanen Burmi sun riga sun yi shekara talatin da ɗoriya a ƙasar Nilu kafin a buga shafin farko. Yaron Kano ya gamu da littafin ne a aji, malami na tsaye a kansa, jarrabawa na jiransa. Kai kuwa makarantarka da Larabci take, adabin da aka ɗora maka na su Ɗayyib Salih ne. Ta ina littafin zai iso ka?

Abin da kakanninku suka ɗauko a ƙirji da gafaka wani ne daban: Alƙur'ani, Ishiriniya ta Alfazazi, waƙoƙin wa'azi da na bege a rubutun ajami, irin na gidan Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi. Da za ka sa abokan nan naka na Kano su zauna gaban kakanka, ina kyautata zaton su ma za su yi shiru a baitin farko. Kowa da abin da hanyarsa ta kawo masa.

Yanzu ga babbar tambayar. Babu wani sarki ko kwamiti da ke zama ya naɗa wa waƙa rawani. Abubuwa ne ke haɗuwa, kuma na farkonsu shi ne gwaninta. Dubi yadda Imam ya gina littafinsa. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri yana ƙulla makirci, Musa kuma ya matsa sai ya fita ya bi sahun mayaƙa. Duk daren da ya yi ɗamara, sai aku ya tare shi da labari, kafin ya farga gari ya waye. Mai karatu ma haka akun ke yi masa. Da yawa daga labaran Imam ya samo su ne daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, amma ya sa musu riga da wando na Hausa, ya ba su fada da kasuwa da alkali, har ba ka jin ƙanshin baƙunta. Mutumin da ya karanta shi yana ɗan shekara goma dariyar wauta da wayo yake yi. In ya sake buɗewa yana da furfura, sai ya tarar ashe maganar mulki ce da amana da sharrin harshe. Aikin da ke ba yaro abinsa, ya kuma ajiye wa dattijo nasa, shi ne ke daɗewa.

Akwai kuma gwajin da ba a yi masa gaggawa, wato aiki ya rayu bayan dalilin da ya sa aka yi shi ya gushe. Ibrahim Narambaɗa mawaƙin fada ne, da kotsonsa, yana yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa. Sarkin ya rasu, mawaƙin ya rasu, kyautar da aka yi a ranar ta ƙare tun tuni. Amma har gobe ana sauraron Bakandamiyarsa, ana nazarinta a jami'o'i, saboda azancin da ke ciki ya fi ƙarfin bikin da aka yi ta dominsa. Haka Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: mutane da yawa da ya wasa ba wanda zai tuna su yau ba don kalangunsa ba.

Sai dai gwaninta kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne nake so ka tsaya da kyau. Dole a sami mai ɗauka. Aikin adabi kamar irin dawa yake: komai kyansa, in aka yi 'yan damuna ba wanda ya shuka shi, sai a neme shi a rasa. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, ta zaga ƙasar Hausa ne a bakin makafi da almajirai masu bara ƙofa ƙofa, da gidajen rediyo, da kuma bugun littafi. Shata ya sami rediyon Kaduna da kaset. Imam ya sami makaranta. A can Sudan ɗinku ma haka abin yake. Waƙoƙin da ake kira Haƙiba, na zamanin su Khalil Farah wanda ya rasu a 1932, sun sami wannan suna ne daga wani shirin rediyon Omdurman, mai gabatarwa yana zuwa da tsofaffin faya-fayai a jaka yana sa wa jama'a. Ba don wannan jakar ba, da yawansu da sun bi masu su. Kuma a wannan gidan rediyo ne A'isha Falatiya, haifaffiyar Kassala wadda asalin iyayenta daga ƙasar Hausa ne, ta zama mace ta farko da ta yi waƙa, a lokacin da ake ganin hakan abin kunya ne ga 'ya mace. Ta rasu a 1974, yau kuwa duk mai ba da tarihin waƙar Sudan sai ya ambace ta. Taku ce, ya kamata matasan Mafaza su san ta kafin su damu da abin da mutanen Kano suka sani.

Abin da ke sosa mini rai shi ne ayyukan da suka cancanta amma ba su sami mai ɗauka ba. Waƙoƙin niƙa da na daka da iyayenmu mata suka yi ta yi a tsakar gida, da na reno, da na masunta a bakin kogi, wa ya rubuta su? Injin niƙa ya zo, dutsen ya koma bayan ɗaki, waƙar ta tafi tare da shi. Saboda haka in ka ga jerin fitattun ayyuka, ka sani jerin waɗanda suka yi kyau ne kuma suka yi sa'a.

Game da faɗan kakanka, ka yi masa uzuri. Ba jahilci yake jingina maka ba, tsoro yake ji kada abin da aka ɗauko tun daga Sakkwato ko Katsina ko Damagaram, aka ratsa Barno da Wadai da Darfur da shi, ya zo ya ƙare a bakinsa. Amma shi ma zan roƙe shi da girmamawa ya sassauta. A zamaninsa dare na tatsuniya ne da tilawa, ba abin da ke gasa da muryar tsohuwa. Yau waya tana aljihun kowa, ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa gidaje, ya raba jikoki da kakanni. Kuma abin da matasa ke so yau ba lallai ya zama shirme ba. Lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, masana da dama sun raina irin waɗannan littattafai, suna ce musu adabin kasuwar Kano. Yanzu ɗalibai na rubuta kundin digiri a kansu. Cikin waƙoƙin da kake ji a wayarka mafi yawa za su wuce, kamar yadda mafi yawan na zamanin Shata suka wuce, 'yan kaɗan za su tsaya. Ni da kai ba mu isa mu ce ga su ba tukuna, sai 'ya'yanka sun ji su ba tare da tunanin samartaka ba sun ce suna so.

Shawarata gare ka guda biyu ce. Ka koyi karanta Hausar boko, ba za ta ba ka wuya ba tunda harshen yana bakinka, 'yan haruffa masu lanƙwasa ne kawai sabbi. Ka fara da Ruwan Bagaja na 1934, gajere ne, kuma rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe za ta riƙe ka. Daga nan ka nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka raba da ƙasarsa aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. Ina jin mutumin Mafaza zai fahimci wannan littafi fiye da wanda bai taɓa barin Kano ba.

Ta biyun ta fi gaggawa. Kafin damuna ta kankama a shiga hidimar dawa da riɗi, ka zauna da kakanka ka kunna abin ɗaukar murya na wayarka. Ka bar shi ya rera waƙar har ƙarshe ba ka katse shi ba, sannan ka tambaye shi wa ya koya masa, a wane gari, kuma akwai takardar ajaminta a gidan ko babu. In akwai, ka ɗauki hoton kowane shafi. Ka yi wa tsofaffin matan gidan haka su ma. Sai ka tura wa abokan naka na Kano, su kuma su turo maka Magana Jari Ce.